Shuɗin Da Bai Isa Gwiwa Ba

Jiya ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya leƙo ta kafaɗata yana taunar gyaɗa, ya ga ina sa wa gurbin rubutu launi a allon kwamfuta, ya ce wai, "Baba Injiniya, wannan ai layi ɗaya ne, ɗan firamare ma zai yi." Layi ɗaya! Madalla. To ku kifa wayoyin nan, ku juyo da kujerunku, yau sai kun ji yadda layi ɗayan nan ya kusa raba wani dattijo da aikinsa da mutuncinsa a garin Gwiwa. Ni na rubuta layin, da hannun nan nawa.

Amma ku fara sanin aikin tukuna. Mu 'yan baƙin allo ba mu da hoto, ba mu da maus, ba mu da abin shafawa da yatsa. Gida tamanin a kwance, layi ashirin da huɗu a tsaye, launi takwas, iyakar kayan aikinmu ke nan. Kowane harafi launi biyu gare shi, nasa da na bangon da yake zaune a kai. Rubutun da ke allon kuma iri biyu ne. Akwai wanda manhaja ta rubuta, mai aiki ba ya iya taɓa shi, kamar "Suna" ko "Gari". Akwai kuma gurbi, wurin da shi mai aikin zai cike da hannunsa. Duk sana'ar a nan take: mutum ya zauna, kallo ɗaya ya gane inda zai rubuta da inda ba ruwansa.

Kuma ba a bin gurbi ɗaya bayan ɗaya ana shafa masa launi, wannan wahalar banza ce. Can sama, kafin ka gina gurbi ko guda, kake faɗa wa manhajar: duk gurbin da zai zo, ga launin harafinsa, ga launin bangonsa. A shagon nan launin gado muke ce masa, don kowane gurbi gadonsa yake yi. In ka sa shi bayan ka gama gina guraben, ka yi aikin kawai, waɗanda suka riga suka fito ba su san da zamansa ba. In ka sa shi daidai, allo ɗari za su fito kamar uwarsu ɗaya. In ka kuskure, duk ɗarin tare za su lalace. Wallahi har yau in na sauya layin nan na ga alluna sun juya lokaci guda, daɗi nake ji kamar ranar da na fara.

Wajen Baba Modu na koya, Allah ya jiƙansa, a wani ɗan shago a gindin dutse nan Kazaure. Iyayensa daga Borno suka zo, shi kuma da gyaran tafireta ya fara kafin kwamfuta ta shigo gari. Wata huɗu na yi bai bar ni na taɓa kibod ba! Littafin lissafi mai gida-gida ya ba ni da fensiran launi, ya ce in dinga zana allo a takarda. In na gama sai ya manna takardar a bango, ya ja ni har bakin ƙofa.

"Daga nan, ina za ka rubuta?"

In na yi jim ko na daƙiƙa ɗaya, sai ya ɓamɓare ta ya yage. "Kai da ka zana ma sai ka yi tunani, ina ga wanda ya baro gona da hantsi ya zo ya zauna a gabansa?"

Dokarsa guda ce: gurbi baƙin harafi a kan farin bango, sunan gurbi kuwa fari tas. Yakan ce kowace monita, komai tsufanta, tana iya fari da baƙi. Ni kuwa ina cewa "To, Baba," a raina ina cewa tsoho ne, bai san ado ba.

Aikina na farko ni kaɗai a Babura ne, a wani ofishi kusa da kara inda ake rubuta shanun da aka yi wa allura. Ogan wurin ya kafe sai na sa masa guraben ja. Na ce ranka ya daɗe, ja na gargaɗi ne, in komai ya zama ja, ranar da aka yi kuskure da me allon zai yi maka tsawa? Ya ce shi dai ja yake so, ja ake hangowa daga nesa. Na sa masa. Kwana shida akawunsa ya yi yana share hawaye da gefen hula, ranar bakwai ogan da kansa ya aiko a kira ni. A Roni kuma wani mai kemis ne ya dame ni wai ba ya ganin guraben. Na je da safe, allo ras. Na sake zuwa da safe, ras. Sai da na zauna har la'asar ina shan fura a bencinsa sannan na gani: ya juya teburinsa yana kallon ƙofa don kada wani ya wuce bai gaishe shi ba, taga kuwa tana bayansa, rana na karkatowa sai ta faɗa kan gilashin ta wanke launin kaf. Tun daga nan na san launi ba a shagona ake yanke masa hukunci ba, sai a inda zai zauna. Na sani fa! Ku riƙe wannan, don kada ku ce rashin sani ne ya kai ni.

Shekarar da na sayi sabuwar monita kaina ya kumbura. Kai, shuɗinta! Kamar an tsamo shadda daga marina. Daidai lokacin aka ba ni aikin rubuta wa makarantun sakandare na yankin nan manhajar shigar da makin jarrabawa. Tsofaffin kwamfutoci ne aka raba musu, ba abin da za su iya ɗauka sai baƙin allo. Na zauna na tsara abina: bango baƙi, sunayen darussa shuɗi mai haske, guraben kuwa farin harafi a kan shuɗi. Duk wanda ya shigo shago sai ya tsaya ya ce tubarkalla.

Akawun makarantar Gwiwa shi ne Malam Hadi. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya gaishe ka sai ya tambayi har akuyarka. Kwana uku ya yi a shagon nan yana koyo, na buga masa hoton allon a takarda, aka ɗaure masa kwamfuta da monita a bayan babur ya tafi. Washegari ya kira ni.

"Injiniya, Allah ya ba ka haƙuri, allon nan fa ya yi rawaya."

Ina tsaka da wani aiki. Na ce, "Malam, in ka buga yana shiga?"

"Yana shiga."

"To bar shi, ba komai."

Shi ke nan. Shekara uku yana aiko da maki a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, zuwa ofishin ilimi na yanki, inda ake buga sakamako, ba a taɓa samun kuskure ko ɗaya a nasa ba. Ni kuwa ban taɓa taka ƙafata makarantar ba.

A shekara ta huɗu aka ƙara sabon darasi, na koyon kwamfuta. Darussan a jere suke a allona: Turanci, Lissafi, Arabiyya, da sauransu har tara. Ni da iyayina na ga sabon darasin ya fi kyau a sama, na cusa shi a layi na biyu, tsakanin Turanci da Lissafi. Na saka gyaran a filas, na ba wani ɗan acaɓa da 'yar takarda: "Malam, na ƙara sabon darasi, guraben sun zama goma." Ban ce ga inda na sa shi ba. Me zan faɗa, ai a rubuce yake a allo.

Ƙarshen zango sakamako ya fito, Gwiwa ta ɗauki zafi. Da makin Lissafi ake zaɓar ɗaliban da za su je jarrabawar makarantar kimiyya. Wadda ta zo ta ɗaya a Lissafi, da maki casa'in da huɗu, Sa'adatu ce, 'yar Malam Hadi ta cikinsa. Kowa kuwa a makarantar ya san yarinyar nan ita da Lissafi ba sa ga maciji, malamin darasin ya fito da takardarsa, talatin da takwas ta ci. Aka duba na sauran yara, duk a yamutse. Sai magana ta zama ɗaya a gari: ya ɗaga 'yarsa, ya hargitsa na kowa don ya ɓatar da sawu.

Shugaban makarantar ya kira ni ya ce, "Injiniya, tambaya ɗaya. Kwamfuta tana iya sauya maki da kanta?"

Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take bayarwa."

Da bakina! Da wannan maganar tawa aka dakatar da shi, aka sa kwamiti zai zauna ranar Alhamis a sallame shi.

Ran Laraba da azahar sai ga shi a ƙofar shago, ya sha hanya, bakin wandonsa duk taɓo don damina ce. Ya zauna, muka gaisa har na ƙosa. Sannan ya ce, "Injiniya, ba roƙo na zo ba. Shekara ashirin da shida ina riƙe takardun makarantar nan. Juma'ar da ta wuce na shiga sahu, mutumin da ke gefena ya matsa. In za a kore ni a kore ni, amma ka zo ka tsaya a bayana in shigar da makin yaro ɗaya ka gani da idonka. In ka ga ha'inci, ka faɗa a gaban kowa."

Gaskiya ba don na yarda da shi na je ba. Na je ne in wanke manhajata.

Alhamis da hantsi na isa. Kwamiti mutum biyar, ga shugaban makaranta, ga malamin Lissafi yana huci da takardunsa a hannu. Aka ce a je ofishin akawu. Malam Hadi ya yaye zanen da yake rufe monitar da shi, ni kuwa na tsaya cak.

Filasta! Filastar asibiti, an yanka ta ƙanana, an manna a jikin gilashin daga sama zuwa ƙasa, guda goma, a jere kamar an sa magwaji. Kowace da rubutun biro mai kyau: Turanci, Lissafi, Arabiyya, har ƙasa. Ta goman sabuwa ce fil, ta fi sauran fari, an rubuta Kwamfuta.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Sunayen darussan ne, Injiniya. Daga takardar da ka ba ni na kwafa."

Ya kunna. Allo ya tashi baƙi ƙirin. Babu sunan darasi ko ɗaya, babu gurbi ko ɗaya, sai sunan ɗalibi a sama cikin rawaya da 'yar alamar nan mai ƙyaftawa. Na zagaya baya na zare wayar monitar na ɗaga ta a hasken taga. Cikin 'yan ƙananan alluran nan na bakin wayar, ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta, wadda ke kai shuɗi. Tun ranar da aka sauke monitar daga babur aka cusa wayar a karkace. Monitar da ba ta samun shuɗi kuwa, fari rawaya yake zame mata, shuɗi ya zama baƙi. Duk adon da na yi, ko ɗigo bai iso Gwiwa ba. Shekara uku bawan Allah nan yana aiki a cikin duhu, da filasta da biro, bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Na ce a ba ni allurar ɗinki. Wata malama ta zare ta jikin mayafinta ta miƙo. Na tallafo 'yar allurar wayar a hankali, don in ta karye an gama, na miƙar da ita, na mayar. Kai, jama'a! Allon nan ya washe lokaci guda, shuɗi ya cika ɗakin. Sunayen darussa suka fito kowanne kusa da filastarsa, kowa ya matso yana karantawa. Filasta ta ce Lissafi, allo ya ce Kwamfuta. Filasta ta ce Arabiyya, allo ya ce Lissafi. Haka har ƙasa, kowane darasi ya zame da layi ɗaya.

Malamin Lissafi ya fizgo takardar Arabiyya yana bin ta da yatsa. "Sa'adatu Hadi, casa'in da huɗu. Innalillahi! Makin Arabiyyarta ne!"

Ɗakin ya kaure, kowa na magana. Shugaban kwamitin ya buga tebur ya ce, "To yanzu laifin wa ke nan? Dole mu rubuta suna."

Malam Hadi ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, nawa ne. Na ga kamar ni na lalata kayan gwamnati wajen ɗaukowa, na ji nauyin in yi ta damun Injiniya."

Kun ji fa. Ga ƙofa ya buɗe min, in na yi shiru na fita fes. Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Ya faɗa min tun washegarin da ya kawo ta, na ce masa ya bar shi. Ni na zaɓi launin da in allurar waya ɗaya ta lanƙwashe allo zai makance. Ni na cusa darasi a tsakiya ban faɗa ba. Ni kuma na ce muku kwamfuta ba ta ƙarya, alhali ban zo na duba ba. Sunana za ku rubuta."

Suka rubuta kuwa, ba su yi min kara ba. Wannan ita ce muguwar shekarata. Aka karɓe aikin makarantun aka ba wasu daga Kano. Labari ya zaga Babura da Roni cewa manhajar Injiniya tana cin maki, har mai kemis ɗin nan ya koma littafi da biro. Na rufe shago rabin mako ina noman gero a gonar yayana, sauran rabin ina gyaran caja da rediyo. Sai da wata damina ta zagayo kafin wani ya sake shigowa ya ce in rubuta masa allo. Tun daga nan kuma ba na sallama aiki sai na zare shuɗi na duba, na zare ja na duba, na zare kore na duba. Abin da kuke gani ina yi kuna dariya ke nan.

Amma bari in koma ɗakin nan, don ban gama ba. Kafin kwamiti ya tashi na ce su ba ni minti biyar. Na buɗe manhajar, na hau can sama, na sauya launin gado: baƙin harafi a kan farin bango. Duk sauran rubutun da na yi da shuɗi na mai da shi fari. Na tayar da ita, guraben goma suka fito fari tas, ko daga bakin ƙofa kana ƙirga su. Na karkata wayar da gangan har shuɗin ya sake ɗaukewa don su gani, allo ya yi rawaya amma komai na nan ana karantawa. Shugaban kwamitin ya yage takardar sallamar a gabanmu, ya ce Malam Hadi ya sake shigar da makin tun daga farko, kuma shi da kansa zai tsaya bayan sallar Juma'a ya faɗa wa gari abin da ya faru. Malamin Lissafi ya kama hannun Malam Hadi da hannu biyu.

Shi kuwa Malam Hadi ya ja kujerarsa ya zauna, ya shiga ɓamɓare filastar ɗaya bayan ɗaya yana jera su a gefen tebur. Da ya cire ta ƙarshe sai ya tsaya, ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, can ƙasa, layi na ashirin da huɗu. Ni na ma manta da shi. Wani ɗan rubutu ne da na sa tun ranar farko, da shuɗi, a ƙasan kowane allo. Ya karanta a hankali, a fili:

"Sannu da aiki, Malam."

Ya juyo ya dube ni. "Injiniya, tun yaushe wannan yake nan?"

Na ce, "Tun ranar da ka ɗauke ta daga shagona."

Ya riƙe baki. "Subhanallahi. Shekara uku ana gaishe ni kullum ban amsa ba?"

Ya gyara hularsa, ya fuskanci allon sosai, a gaban kwamiti da kowa, ya ce, "Yawwa, sannu kadai. A yi min haƙuri, ban gani ba ne."